Ina za a sauke mai keken guragu a Yamai: oberj, otel mai bene, gidan haya ko gidan dangi?

Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Baba. Allah ya sa magana ta dawo, hankalinsa ma garau, amma hannun dama da ƙafar dama ba su koma yadda suke ba, sai a keke. Tun daga lokacin, duk bayan wata uku ko huɗu muke baro Tahoua mu zo Yamai ganin likita. Tafiya ce ta kusan kilomita 550, a sauko Tsarnawa, a hau babban titi, a ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Motocin kamfanoni irin su Rimbo da STM da Al Izza da asuba suke tashi, sai rana ta juya ake isowa. Mai lafiya ma a galabaice yake sauka, balle dattijon da ya wuni a kujera guda har ƙafa ta kumbura. Burinsa a lokacin bai wuce ya kama ruwa, ya watsa ruwa a jiki, ya miƙe bayansa a gado ba.

A cikin shekara biyun nan mun kwana a ƙaramin masauki mai arha, irin wanda muke ce wa oberj. Mun kwana a otel mai bene. Mun kama gidan haya mai kaya a ciki, wanda ake kira meble. Mun kuma sauka gidan dangi. Kowanne na ɗanɗani zaƙinsa da ɗacinsa, shi ya sa nake so in shimfiɗa su gefe da gefe don wanda zai kawo nasa majinyacin.

Zuwanmu na farko na kira wani masauki tun daga Tahoua. Na gaya wa yaron da ke karɓar baƙi cewa da dattijo nake tafe, ba ya tafiya, a keke yake. Ya ce, "Ba matsala Alhaji, ku taho kawai, ɗakin ƙasa zan ba ku." Bai yi ƙarya ba, ɗakin a ƙasa yake. Sai dai kafin a kai baranda akwai matakala uku, ƙofar ban-ɗakin kuwa keken ko bakinta bai shiga ba. Ni da ƙanena muka riƙa tallabar Baba, ɗaya ta hammata, ɗaya ta ƙafafu, mu kai shi mu dawo da shi. Bai ce mana uffan ba. Da dare na miƙa masa kofi na ce, "Baba, ga ruwa, lokacin magani ya yi." Ya kurɓi abin da zai wuce da ƙwayar kawai, ya ture kofin ya ce, "Ya isa, ba ni jin ƙishirwa." Watan Afrilu ne, leɓɓansa sun bushe har sun fara tsagewa. Sai can cikin dare na gane abin da yake gudu. Ba ya so ya sha, fitsari ya matse shi, a sake ɗaukarsa. Mutumin da ya saɓa mu a kafaɗa muna yara, yau yana horar da kansa da ƙishirwa saboda kunyar ƴaƴansa. Tun daga daren nan ba na tambayar kuɗin ɗaki sai na gama tambayar ƙofar bayi.

Da muka koma gida na ari mita wurin wani tela na auna keken. Daga bakin wannan taya zuwa waccan santimita 66 ne, kuma galibin kekunan da ake turawa da hannu tsakanin 60 da 70 suke. Amma ƙofa mai faɗin keke daidai ba ta wadatarwa, don hannun mai keke yana kan taya, kuma ba kowace ƙofa ake shiga a miƙe sak ba. Masana gini sun tsayar da cewa ƙofar da keke zai bi ta kai kimanin santimita 80 in an buɗe ta, wato filin da ya rage bayan ƙyaure ya ci nasa rabon. Wurin da keke zai juya ya fuskanci inda ya fito kuwa yana son fili mai faɗin santimita 150. Sai na yanki igiya mai tsawon 150, na ƙulla ƙulli a kan 80. Har yau tana cikin jakar maganin Baba. In ba na gari, wani ɗan'uwa nake roƙa ya yanki irinta ya je ya gwada mini ƙofofi, don gani ya kori ji.

Gangara ma akwai magana a kanta. Za a ce maka akwai, ka zo ka tarar da ƴar siririyar shimfiɗar siminti a tsakiyar matakala, wadda aka zuba don shigar da babur. Faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, ga ta a tsaye kamar tsani. Keke mai taya dama da hagu ba shi da inda zai taka a kanta. Ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce, duk tsayin santimita ɗaya ya samu tsawon santimita 12. Ke nan mataki guda mai santimita 15 yana son gangara ta mita ɗaya da santimita 80, matakala uku kuwa sun haura mita biyar. Da wuya ka ga irin wannan a masauki mai arha. Don haka na fi son wurin da ba shi da mataki ko ɗaya a kan wurin da aka ce mini yana da gangara. Mataki guda gajere abu ne mai sauƙi, mai turawa ya taka ƙarfen baya, ƙananan tayoyin gaba su ɗaga, a haye. Daga biyu zuwa sama sai an nemi mutum na biyu.

Ba wai babu doka ba. Tun 1993 akwai dokar kare naƙasassu a Nijar, ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, wadda sashenta na 9 ya yi magana kan shiga gine-ginen da jama'a ke amfani da su, sannan aka yi sabuwar doka a ƙarshen 2019. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutum fiye da 700,000 ne ke da naƙasa, kashi 4.2 cikin ɗari na ƴan ƙasa, kuma tsufa da hawan jini da haɗarin babur kullum ƙara su suke. Sai dai yawancin masaukai masu arha gidajen iyali ne aka gina tun ba a yi tunanin baƙi ba, balle baƙo mai keke. A shafukan kama ɗaki na intanet irin su Booking.com za ka ga alamar keke, ko haruffan PMR da masu Faransanci ke nufin masu wahalar motsi da su. Mai otel ne da kansa yake cika wannan gurbin. Ka ɗauke shi a matsayin dalilin buga waya, sauran kuma igiya ce za ta faɗa.

Bari in fara da oberj, don nan muka fi kwana. Gida ne mai katanga da get da tsakar gida, ɗakuna kamar shida zuwa goma, yawanci ba bene. Ana samunsu a unguwanni irin su Filato, Terminus, Yantala da Koira Kano. Babban alherinsa shi ne a ƙasa yake. In an buɗe get, taksi na iya shigowa har bakin ɗaki, a sauke dattijo ba a kan titi ana kallonsa ba. Ma'aikatan kaɗan ne, zuwa kwana na biyu sun san ku. A wani da muka saba sauka, mai gadin dattijo ne, da ya ji ƙarar mota sai ya taso ya kama ƙafar keke yana cewa, "Sannu Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi." Ba a hana shigowa da abinci daga waje, abin da ke da muhimmanci ga wanda likita ya rage wa gishiri. In kuma kwana uku ko huɗu za ku yi, ana iya zama da mai wurin a nemi ragi.

Aibinsa na farko tsakar gida. Wasu yashi ne, wasu tsakuwa aka baza don ado. Ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke a ciki, sai dai a juya keken a ja shi da baya. Wannan ana iya jurewa in tazarar gajeruwa ce. Ban-ɗaki ne wurin da oberj yake ci ko ya faɗi. A gidajen nan ƙofar bayi takan tsaya a santimita 60 ko 70. Sau da yawa an ɗaga dokin ƙofa don kada ruwa ya fito ɗaki, wurin wankan kansa an ɗaga shi kamar dakali, masai kuma a matse a lungu tsakanin bango da kwanon wanke hannu. Tayil in ya jiƙa da sabulu, mai ƙafa biyu ma sai ya yi hattara. Ƙarfen kamawa a bango kuwa ban cika gani ba. Kada a bar majinyaci ya dafa kwanon wanke hannu zai tashi, don da ƴan kusoshi aka maƙala shi, yana iya ɓallowa da shi.

Dabarar da na koya ita ce in tambayi ɗakin da ya kasance na maigida kafin a mayar da gidan masauki. Shi ne ya fi girma, bayinsa ma ya fi fili, ƙofarsa takan fi ta sauran faɗi. Yakan ɗara sauran kuɗi kaɗan, amma ya cancanta. Wani lokaci za ka tarar da bahon kwanciya a ciki. Kada a sa mai shanyewar jiki a baho, shiga da sauƙi, fita ce aiki. In akwai magudanar ruwa a ƙasa, a ajiye kujerar roba mai hannuwa a gefen bahon a yi masa wanka a zaune. Kujerar robar nan kowane oberj yana da ita a tsakar gida, a duba dai ƙafafunta ba su tsage ba. Mu kuma muna tafe da shimfiɗar roba mai hana santsi, da butarmu, da kujerar bayi mai huda a tsakiya da wani mai walda ya yi mana a Tahoua, tana naɗewa ta shiga but ɗin mota. Da ita, ko masan tsugunno muka tarar ba ma damuwa, in ma ƙofar bayi ta ƙi, da dare sai a ajiye ta kusa da gado da bokiti a ƙasa.

Gado ma a duba shi. Wanda ya fi dacewa shi ne mai tsayi kusan ɗaya da mazaunin keke, santimita 45 zuwa 50. Katifar da ta lotsa a tsakiya tana riƙe mutum kamar rami. Kuma mai shanyewar ɓari ta ɓangaren da ke da ƙarfi yake sauka ya hau keke, shi Baba ta hagu. In gadon ya manne da bango ta wannan gefen, sai a roƙa a ja shi. A oberj wannan aikin minti biyu ne, a wasu otel kuwa kan gadon a kafe yake da bango.

Akwai maganar da ba a cika faɗa a fili ba, ta mutunci. Wasu masaukai masu arha da mashaya suke, kiɗa har tsakar dare, wasu ma da awa ake kama ɗakunansu. Ba za ka ɗauko Alhaji ko Hajiya daga gida ka kai su irin wannan wurin ba, ko da ƙofar bayinsa ta kai mita. Ni kai tsaye nake tambaya ko ana sayar da giya, ko iyalai suna sauka, ko akwai masallaci kusa. Baba a zaune yake salla a ɗaki, amma jin kiran salla kawai yana kwantar masa da hankali a garin da ba nasa ba.

Sai wuta. Wanda ya san Yamai a Afrilu da Mayu ya san zafi yana haura digiri 40, wani lokaci ya doshi 45, kuma a lokacin ne aka fi ɗauke kuran. Da Najeriya ta katse wutar da take turowa a watan Agusta na 2023, kowa ya ga yadda garin ya dogara da ita. Ba ya isa ka ji an ce akwai gurup, wato janareta. Ka tambaya ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ko kuwa ƙwan fitila da fanka kawai, kuma ko ana barinsa ya kwana yana aiki. Tsofaffi da masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari sun fi saurin bushewa a zafi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin kuma yana buƙatar firji, don ajiyarta tsakanin digiri 2 da 8 ake yi. Haka ruwa, a tambaya ko akwai tanki a sama, in babu a cika bokiti biyu tun da yamma.

A nan ne otel matsakaici mai bene ya fi oberj. Gurup ɗinsa yakan fi ƙarfi, akwai mai karɓar baƙi dare da rana, akwai wurin cin abinci, zanen gado ma ya fi tsabta. Kuɗinsa yakan ninka na oberj ko ya wuce. Matsalarsa ita ce yadda aka raba ginin: ƙasa an ba wurin karɓar baƙi da ɗakin taro da gidan abinci, ɗakunan kwana suna sama. Bakin shiga ma sau da yawa an ɗaga shi da matakala masu sheƙi don kwarjini. Lif kuwa ba kowane ke da shi ba, mai shi ma wani ƙarami ne, keke ya shiga mai turawa ya rasa wurin tsayawa. Mun taɓa karɓar ɗaki a hawa na biyu saboda an nuna mana lif yana aiki. Da safen da za mu ga likita ya tsaya. Mutum huɗu muka sauko da Baba a kan keke, mataki bayan mataki, yana damƙe da hannun keken da hannunsa mai lafiya yana ambaton Allah. Mun iso ƙasa lafiya, amma tunanin da ya zo mini shi ne, da gobara ce fa? Tun daga nan ba na karɓar ɗakin sama ko da lif goma ne. Bayin irin waɗannan otel ma ba lallai ya fi ba, don sun fi son akwatin wanka na gilas mai ƙaramar ƙofa, wanda kujera ba ta shiga. In ka samu otel matsakaici mai ɗakin kwana a ƙasa da bayin da igiya ta amince da shi, a bazara ya fi oberj nesa ba kusa ba. Samunsa ne aiki.

Manyan otel ba na aljihunmu ba ne, amma a ambace su. Radisson Blu da Noom da Bravia duk a 2019 aka buɗe su, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka da aka yi a Yamai a watan Yuli. Sababbin gine-gine ne masu lif da daɓe sumul, nan ne aka fi sa ran samun ɗakin da aka tsara musamman don mai keke. Kwana ɗaya a can yakan ci kuɗin mako guda a oberj. Wanda wata ƙungiya ta gayyato taro kuma ita za ta biya, ya faɗi buƙatarsa tun kafin ya taso, haƙƙinsa ne.

Meble kuwa na dogon zama ne. Lokacin da aka rubuta wa Baba gashin ƙashi na makonni, shi muka kama, kuma ban yi nadama ba. Akwai falo, akwai kicin, ƙanwata ta zo ta riƙa dafa masa abin da likita ya yarda da shi, Inna ma ta samu wurin zama da shi ba tare da idon baƙi ba. In aka raba kuɗin wata da kwanaki, ya fi oberj sauƙi sosai. Amma a shiga da ido buɗe. Da yawansu a saman bene suke, ko a sababbin unguwannin bayan gari da kwalta ba ta kai ba. Akwai kuɗin ajiya da ake bayarwa kafin a shiga, akwai la'adar dillali, wutar ma sau da yawa kai za ka riƙa saye, na'urar sanyi kuwa ba ta wasa da ita. Ba lallai a samu gurup ba. Abin da ya fi damuna shi ne dare. In majinyaci ya zame ya faɗi da ƙarfe uku, babu mai gadin da zai taso, babu mai karɓar baƙin da zai nemo mota. Wanda zai kama meble ya tabbata masu jinya biyu ne, ɗayansu mai ƙarfin ɗagawa. Don kwana biyu ko uku kuwa wahalar nemansa ta fi amfaninsa.

Gidan dangi shi ne ya fi wuyar magana, don ba lissafin kuɗi ba ne kawai. Baffanmu yana Yamai shekara da shekaru, kuma a al'adarmu abin kunya ne yayanka ya shigo gari ya kwana a masaukin kuɗi. Can akwai hannuwa da yawa, akwai tuwon gida, akwai hira da addu'a, abubuwan da ke ƙara wa majinyaci ƙarfin zuciya fiye da yadda ake zato. Mun sauka can sau biyu. Baffa ya bar wa Baba ɗakinsa, matan gida ba su huta ba. Sai dai salanga ta tsugunno ce a ƙarshen tsakar gida, ta kowa da kowa, a tura dattijo a keke a ratsa ta gaban mata da yara da surukai duk lokacin da zai kewaya. Masu gaisuwa kuwa daga hantsi har bayan isha'i, kowa da niyyar alheri, shi kuma ba zai iya cewa ya gaji ba. Miyar gida da gishirinta da dunƙulenta take, nauyi ne ka ce a yi tukunya daban. Kuma kyauta ba kyauta ba ce ɗungurungum, mai hankali zai zo da tsaraba ya sa hannu a cefane.

A zuwan da ya biyo baya sai na je na samu Baffa shi kaɗai bayan magariba. Na ce, "Baffa, ba gudun gidanka muke ba, lalura ce. Baba yana jin nauyin a riƙa wucewa da shi ta gaban iyali." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Na lura, ɗana. Lafiyar Yaya ita ce gaba. Amma tuwon dare daga gidan nan zai riƙa zuwa." Haka muke yi har yau. Kwana a oberj, in an dawo daga asibiti an huta a je gidan Baffa a yi la'asar, da dare yaro ya kawo kwano a babur, miyar Baba daban ba gishiri. In kuwa danginka suna da ɗaki mai bayi a ciki, masan zama, ba matakala, to kada ka nemi wani wuri, babu masaukin da zai kamo wannan.

Kwanan tasha ba sai an daɗe a kansa ba. Kamfanonin mota suna da rumfunan da fasinjan asuba ke kwana, taimako ne babba ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma shimfiɗar a ƙasa take, bayin na taron jama'a ne, wanda ba ya iya tashi daga ƙasa da kansa ba wurinsa ba ne.

Duk wanda ka zaɓa, unguwa tana iya rushe lissafin. Kogi ya raba Yamai biyu. Babban Asibitin Ƙasa yana kusa da gadar Kennedy da gidan tarihi na Boubou Hama. Asibitin Lamorde yana ƙetare, a Harobanda, wajen Jami'ar Abdou Moumouni. Babban asibitin Referans mai gado 500, wanda Sin ta gina aka buɗe a 2016, yana can arewacin gari. Gadar Kennedy tun 1970 take, da safe cunkushewa take yi, ko da yake an ƙara gada ta biyu a 2011 da ta uku a 2021. Ka kwana a gefen da likitanka yake. Taksin Yamai na haɗaka ne, direba ba ya son tsayawa a naɗe keke a buɗe but alhali fasinjoji na jira, don haka mai keke kusan kullum motar gaba ɗaya yake ɗauka. Mu ɗauki misali da jikka, wato sefa dubu. A ce ɗaki mai nisa jikka 12 ne, kowace tafiya a taksi jikka 3, kuma sau huɗu za a shiga mota a yini, zuwa da dawowa da safe, komawa karɓar sakamako da yamma. Jikka 24 ke nan. Ɗaki na kusa a ce jikka 18, kowace tafiya jikka ɗaya, ya tashi 22, ga ragin jijjiga a jikin tsoho. In ka dace da direba mai haƙuri, karɓi lambarsa tun ranar farko, shi zai kai ku tasha da asubar komawa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, a ƙara da duba titi. Lungun da ba kwalta tafki yake zama, taksi ya tsaya a bakin hanya ya ce nan ya iya. Unguwannin bakin kogi kuwa an ga abin da ambaliyar 2020 ta yi musu, musamman wajen Lamorde. A tafi da gidan sauro, kada a dogara da na masauki.

Duk abin da na faɗa a kan jikin Baba na auna shi, kuma lalura ba iri ɗaya ba ce. Wanda shan inna ta kama tun yana yaro, mai keken nan na taya uku da ake murzawa da hannu, kekensa ba ya shiga ɗaki, wurin ajiye shi a bakin ƙofa yake so. In da hannu yake tafiya a cikin ɗaki, katifa a ƙasa da masan tsugunno mai tsabta suna iya fi masa dogon gado da masan zama. Makaho kuma damuwarsa buɗaɗɗen lambatu ne da kayan da ake canza wa wuri ba a gaya masa ba. A tambayi mai lalurar kansa kafin a yanke masa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga yadda nake yi yanzu. In kwana ɗaya zuwa huɗu ne, oberj na ƙasa a gefen asibiti, ɗakin maigida. In bazara ce kuma gurup ɗin oberj ba ya ɗaukar sanyi, na gwammace in ƙara kuɗi in nemi ɗakin ƙasa a otel matsakaici. In zaman ya wuce mako, meble na ƙasa kusa da kwalta, da masu jinya biyu. Kafin in tura ko dala, nakan roƙi mai wurin ya ɗauko mini bidiyo a WhatsApp ba yankewa, ya fara daga get, ya ratsa tsakar gida, ya shiga ɗakin, ya buɗe ƙofar bayi har ƙarshe ya nuna ƙasa. Hoto ba ya nuna mataki, bidiyon mai tafiya kuwa za ka ga inda ya ɗaga ƙafa. In na gamsu, sai mu tsayar da lambar ɗakin a rubuce, in tura ɗan kafin alƙalami ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana, in adana rasit. Katin ɗan ƙasa na kowa yana jakar gaba, don sai an cika takarda kafin a ba da mabuɗi.

Likita ya sake ba mu rana bayan salla. Na riga na kira oberj ɗin da muka saba, na kama ɗakinmu na kusa da get. Mai wurin ya ce tun tafiyarmu ya sa magini ya fasa dokin ƙofar bayin ya daidaita shi da daɓen ɗaki, saura ƙarfen kamawa, yana so in turo masa tsayin da ya dace. Na auna daga ƙasa zuwa inda hannun hagun Baba yake kamawa in zai tashi, na samu santimita 75, na tura masa.